Barcin uwa a Damagaram: awa nawa take bukata, kuma me ke cinye shi?

A watan Yunin 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta shigar da barci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, ta jera shi tare da hawan jini, sukarin jini, abinci da shan taba. Ma'aunin da ta bai wa baligi shi ne awa 7 zuwa 9 kowane dare. Irin wannan bayani yakan biyo ta rediyo da saƙonnin murya na WhatsApp har ya iso gidajenmu, sai dai kafin ya iso ya riga ya sauya kama. Wannan ya ce awa 8 ce tilas, wancan ya ce 6 ta wadatar, wata ta turo cewa barcin rana na kawo teɓa da kasala, wata ta amsa mata da cewa ƙailula sunna ce. Matar da ke zaune cikin gida a Birni ko Garin Malam, da goyo a bayanta, ga wasu uku na jan zaninta, sai ta rasa wacce za ta ɗauka.

Akwai kuma wata magana da ta girmi duk waɗannan, wadda ake ji a fada da majalisa, wani lokaci har a bakin mata ƴan'uwanta: "Ai tana gida, aikin me ta yi da za ta ce ta gaji?" Masu faɗin haka sun ɗauka cewa wadda ba ta fita ofis ko kasuwa tana da lokacin barci har ya yi mata yawa. Binciken masana da yadda ake rayuwa a gidajen Damagaram duka sun saɓa wa wannan zato. Abin da uwa ta fi rasawa shi ne barci mai ɗorewa, wanda ba a katse mata shi, kuma yawancin abubuwan da ke katse shi ba a hannunta suke ba.

## Me ake nufi da isasshen barci?

Abu uku masana ke dubawa: tsawon barcin, ɗorewarsa, da lokacin da aka yi shi.

A kan tsawo babu saɓani mai yawa. A 2015 manyan ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka tsaya a kan cewa baligi na bukatar aƙalla awa 7. Matasa masu shekara 14 zuwa 17 kuwa awa 8 zuwa 10 ake so su samu.

Ɗorewa ita ce aka fi mantawa da ita. Barci zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma a dare ɗaya mutum kan yi guda 4 zuwa 6. Cikin kowanne akwai barci mara nauyi, akwai mai nauyi wanda a cikinsa jiki ke gyara abin da ya gaji ya ƙarfafa garkuwarsa, sannan akwai barcin mafarki, lokacin da ƙwaƙwalwa ke tace abin da ta tara da rana, ta kwantar da fushi da fargaba. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, na mafarkin kuma a goshin asuba. Wanda aka tasa a tsakiyar zagaye, sau da yawa in ya koma sai ya faro daga mara nauyin.

Wani gwaji da aka yi a jami'ar Tel Abib a 2014 ya nuna girman wannan. An bar mutane su kwanta awa 8, amma aka riƙa tashinsu sau 4 cikin daren, kowane tashi na ƴan mintoci. Da gari ya waye, natsuwarsu da yanayin ransu sun taɓarɓare kusan daidai da na wanda aka bari ya yi awa 4 kacal. Wani binciken a Amurka a 2010 ya bi masu jego cikin wata 4 na farko, ya tarar in aka haɗa gutsattsarin barcinsu na dare yana kai awa 7 da ɗoriya, amma a yayyanke yake. Shi ya sa mace za ta ce ta kwana ba ta runtsa ba, maigida ya ce ai duk sanda ya farka yana ganinta tana barci, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Na uku shi ne lokaci. Jiki na da agogonsa da ke tafiya da haske da duhu, kuma masanan da suka gano yadda yake aiki su suka samu kyautar Nobel ta likitanci a 2017. In duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna melatonin da ke shirya jiki ga kwanciya, hasken safiya kuma ya tsayar da shi. Agogon nan ne ke saukar da kasala bayan azahar, ko mutum ya ci tuwo ko bai ci ba.

Hausawa sun ce ba a cin bashin barci, kuma gwaji ya gaskata su. A jami'ar Fensilbaniya a 2003 an taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 har mako 2. Kaifin hankalinsu ya yi ta raguwa kullum har ya kusa na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, alhali su a bakinsu cewa suke ƴar gajiya ce kawai. Don haka kalmar "na saba" da iyaye mata ke yawan faɗa ba ta nuna cewa jikin ya daina biyan bashin.

## Lissafin dare a gidan Damagaram

Kiran asuba a nan yana faɗowa tsakanin biyar saura da biyar da rabi, gwargwadon lokacin shekara. Wadda za ta tashi ƙarfe 5, in ana so ta samu awa 7, ƙarfe 10 ya kamata ya same ta cikin barci, ba tana wanke-wanke ba. Gidaje nawa ne hakan ke yiwuwa?

A fara da ruwa. Garin yana zaune a kan dutse, ruwan famfonsa daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancinsa tsohon zance ne. In bazara ta kama, akwai unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa sai dare ya raba. Dole wani ya zauna ya tsare shi, ya jera bido da bokiti, kuma kusan kullum uwa ce ko ƴaƴanta mata. Gidan da ke da halin sayen ruwan ƴan garuwa, barci ya saya wa matar gidan ko bai sani ba. Wanda ba shi da hali, da idonta take biya.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40, dare kuma ginin siminti da rufin kwano su yi ta amayo zafin da suka sha. Jikin mutum ba ya shiga barci mai nauyi sai zafinsa ya ɗan sauka. Wani babban bincike da ya fito a 2022, wanda ya bi barcin dubban mutane a ƙasashe 68, ya gano cewa dare mai zafi na rage barci, kuma asarar ta fi yawa ga mata da tsofaffi da mazauna ƙasashe marasa ƙarfi. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, yara su farka da kuka, uwa ce ke ɗaukar mafici. Damina ta zo da sauro, daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓi ya yi yawa, kuma yaro ɗaya mai zafin jiki ya isa ya hana uwa runtsawa kwana da kwanaki. Hunturu kuma nasa tari ne da mura da toshewar hanci.

Zaman gida ma ba zaman banza ba ne. Mai koko da ƙosai tana hura wuta tun kafin kiran farko. Mai waina, mai fura, mai alkaki, mai ƙuli-ƙuli, mai kitso, duk a tsakar gida suke neman na adashi da na kayan ɗakin ƴaƴa, bayan shara da daka da girki da wanki. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya, fiye da ninki uku na maza.

Akwai kuma jiran maigida. A gidaje da dama mace ba ta kwanciya sai ya dawo ta ajiye masa abinci da ruwan wanka, balle ranar girkinta ce. Wasu mazan nema ne ke tsayar da su, mai shago da ɗan kabu-kabu da direba. Wasu kuma hira ce da shayi a fada. Ko wanne ne, in ya shigo sha ɗaya da rabi, lissafin awa 7 ya rushe tun kafin jariri ya motsa.

Waya ita ce ta ƙarshe, kuma ana yawan ɗora mata laifin duka. Gaskiya ne haskenta da abin da ke cikinta na jinkirta barci. Amma ga mace da yawa, wannan awa ɗaya bayan yara sun kwanta ita ce kaɗai lokacin da babu mai kiran sunanta, a ciki take gaisawa da ƴan'uwa, ta tallata hajarta, ta saurari karatu. Wanda zai ce ta ajiye wayar, ya kamata ya nuna mata wani lokacin da zai zama nata.

## Goyo a kan goyo

Ƙididdigar ƙasa ta 2012 ta nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, ta 2021 kuma ta nuna 6.2. Ma'anar wannan ga barci ita ce mace na iya shafe shekara goma sha ko fiye tana tsakanin ciki da shayarwa da yaye, babu tazarar da jiki zai rama abin da ya rasa. Wani bincike a Jamus da aka fitar a 2019 ya bi iyaye fiye da 4,600, ya tarar a wata 3 na farko bayan haihuwa uwa na rasa kimanin awa ɗaya a kowane dare, uba kuma minti 13, sannan har shekara 6 bayan ɗan fari barcin bai koma yadda yake ba. Wannan a ƙasar da ake haihuwar ɗaya ko biyu ke nan, ga ruwa ga wuta.

Hukumar UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18. Amarya mai shekara 16 da goyo tana cikin rukunin masu bukatar awa 8 zuwa 10, don nata jikin ma bai gama girma ba, kuma ita ce aka fi yi wa kallon raguwa in rana ta same ta a kwance a gidan surukai.

Jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17, amma a gutsure, kuma yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Bai san bambancin dare da rana ba sai ya kai wata 2 zuwa 3. Al'adarmu ta jego ta yi wa wannan tanadi mai kyau: mai haihuwar fari ta tafi gida wanka, ko wata dattijuwa ta zo ta zauna da ita, a ɗauke mata girki da wanki har ta yi arba'in. Kakanni ba su karanta zagayen barci ba, amma sun kare shi. Sai dai akwai giɓi. Kukan jarirai yana kai ƙololuwarsa ne a wajen mako 6, wato daidai lokacin da ake gama wanka, Inna ta tattara kayanta ta koma, mai jego ta karɓi tukunyarta. Taimakon na yankewa a lokacin da aka fi bukatarsa. A cikin gari kuwa, inda ake zaman haya a ɗaki ɗaya ko biyu nesa da dangi, wasu ko arba'in ɗin ba sa samu cikakke.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu cewa awa 8 ba dole ba ce suna da abin kafa hujja. A 2015 an auna barcin wasu al'ummomi uku da ba su da lantarki, Hadza a Tanzaniya, San a Namibiya da Tsimane a Bolibiya, aka ga suna yin awa 5.7 zuwa 7.1. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna cewa mutanen Turai na dā barci biyu suke yi a dare, da farkawa a tsakani. Ɗaya ɓangaren na amsawa da cewa waɗancan al'ummomi suna kwanciya da tashi a kan tsari ɗaya kullum, kuma lokacin da suke ɗauka a shimfiɗa ya kai awa 7 zuwa 8 da rabi. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne mutane sun bambanta, kuma raba barci gida biyu bisa tsari ba illa ba ne. Amma barci biyu da mutum ya saba da su daban, tashi shida ba shiri daban.

Kan ƙailula ma haka. Likitocin barci kan hana mai fama da rashin barcin dare kwanciya da rana, don kada ya rage yunwar barcin da zai kai dare da ita. Wannan shawara ta wanda ya samu dama barcin ya ƙi zuwa ce. Uwar da barcin ke zuwa ana katse mata shi, ƙailula magani ce gare ta. Minti 20 zuwa 30 kan wartsakar da mutum ba tare da nauyin kai ba, in da hali kuma minti 90 na cika zagaye guda. Sharaɗin shi ne a yi ta kafin la'asar. Aya ta 58 cikin suratun Nur ta ambaci lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Hutun tsakar rana yana da gurbi a tsarin gidan Musulmi, kuma ayar ba ta keɓe shi ga maza ba.

Saɓanin da ya fi zafi shi ne na kwana da jariri a shimfiɗa ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata 6 amma a shimfiɗarsa daban, saboda haɗarin dannewa da mutuwar fuju'a cikin barci. Wasu masanan, irin su James McKenna a Amurka da Helen Ball a Ingila, suna ganin kwana tare na sauƙaƙa shayarwa, yana sa uwa ta koma barci da wuri, kuma haka yawancin duniya ke yi. A wurinsu haɗarin ya taru ne a wasu halaye sanannu: hayaƙin taba, shan maganin da ke sa barci, kwanciya a kan kujerar kushin, da jaririn da aka haifa bakwaini ko mara nauyi. A gidan da ɗaki ɗaya ne kuma sange ɗaya, zaɓin ba shi da yawa, kuma barin jariri a wajen gidan sauro a ƙasar zazzaɓi haɗari ne babba. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ya fi amfani a nan: a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi ko bargo mai nauyi kusa da fuskarsa, kuma kada a sa yayansa ya kwanta a gefensa.

Dabarar barin yaro ya yi kuka har ya koyi barci da kansa, wadda ake gani a bidiyoyin Turawa, binciken da aka yi a Ostareliya bai gano ta cutar da yaran da suka wuce wata 6 ba. Ba a yin ta ga jariri ƙarami, kuma a gidan yawa inda kukan ɗaya ke tayar da mutum goma, da wuya ta zauna.

Ibadar dare hurumin malamai ce, amma hadisan da suka shafi wannan sanannu ne. Manzon Allah (SAW) ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, tana riƙewa in ta gaji da tsayuwa, ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Ya kuma gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinsa da idonsa suna da haƙƙi a kansa. An kuma ruwaito cewa ba ya son hira bayan isha'i, kuma wannan ya shafi masu zaman fada kamar yadda ya shafi masu riƙe waya.

## Abin da yake jawowa cikin gida

Alamar farko gajen haƙuri ce. Ƙwaƙwalwar da ba ta samu barci ba tana saurin harzuƙa, sai tsawa da duka su yawaita a kan yara, ƙaramar magana tsakanin miji da mata ko tsakanin kishiyoyi ta zama ta kai ƙara wurin manya. Sau da yawa a kira shi rashin kunya ko canjin hali. Sai mantuwa da gyangyaɗi, a wurin da akwai murhu da tafasasshen mai da rijiya da yaro mai rarrafe.

A jiki kuma, ƙarancin barci na dogon lokaci yana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba. Wani gwaji a Amurka a 2015 ya nuna masu barcin ƙasa da awa 6 sun fi masu barcin fiye da awa 7 saurin kamuwa da mura har ninki huɗu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na masu jego na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Rashin barci da ciwon damuwa kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

## Abin da gida zai iya gyarawa

Shawarar da aka fi ba mai goyo ita ce ta kwanta duk sanda jariri ya kwanta. Tana aiki ga mai ɗa ɗaya da mai taya ta. Mai ƴaƴa biyar kuwa, lokacin barcin jariri shi ne lokacin wankinta. Abin da wasu likitocin masu jego ke nema ya fi wannan dacewa da mu: a tsare wa uwa awa 4 zuwa 5 a jere sau ɗaya a dare, sauran a cike da gutsattsari da ƙailula. Awa 4 zuwa 5 sun ƙunshi zagaye uku da mafi yawan barci mai nauyi.

Ita kaɗai ba za ta iya tsare wa kanta wannan ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ta shayar bayan isha'i ta kwanta, wani ya riƙe jaririn, ko uban, ko kaka, ko abokiyar zama. In ya nemi nono a kawo mata ta ba shi a kwance cikin duhu, mai riƙon ya karɓe shi ya sa shi gyatsa ya lallaɓa shi. Ba a ba shi ruwa ko koko ko madarar gwangwani don ya daɗe yana barci. Ƙa'idar nono zalla har wata 6 tana nan, kuma bincike bai nuna cewa masu ba da madara sun fi masu shayarwa samun barci ba.

Maigidan da ya san zai yi dare yana iya cewa, "Ki zuba mini a kula ki kwanta." Jimla ɗaya ce, tana iya mayar wa mace awa biyu. Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Jihar Damagaram ce aka fara makarantun mazaje a cikinta da tallafin hukumar UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti da tazarar haihuwa. Barcin mai goyo ya cancanci shiga wannan zance, tare da shawarar hukumar lafiya ta duniya ta a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki.

Tsaron famfo ana iya yin sa karɓa-karɓa, har da samarin gidan. Kishiyoyi ko maƙwabta biyu na iya musayar ƙailula, yau ke ki tsare yaran, gobe ni. Yaran ma su samu lokacin kwanciya tsayayye, don ɗan shekara 1 zuwa 2 na bukatar awa 11 zuwa 14, ɗan 3 zuwa 4 kuma 10 zuwa 13, kuma in sun kwanta da wuri uwa ta samu sarari.

Shayi da goro da kofi suna da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa ke saura a jini bayan kimanin awa 5, ga mai tsohon ciki kuma ya fi ninki biyu na haka, sannan yana ratsawa cikin nono. Shayin magariba yana nan a jiki tsakar dare, don haka a tsaya da shi da rana. A lokacin zafi, watsa ruwa kafin kwanciya da yayyafa wa tsakar gida ruwa suna taimakawa, kuma ko a waje aka kwana a ɗaura sange. A lokacin sanyi kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Ƙwayoyin barci na masu tallan magani a kai, da tiramol da wasu ke sha don jure aiki, suna kama jiki kuma suna shiga nono. Ɗura wa jariri maganin mura ko na ƙaiƙayi don ya yi shiru ya fi haɗari, akwai irinsu da aka hana bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba saboda suna iya danne numfashi.

## Gajiyar da ta zama ta likita

Ba kowace gajiya barci ke warkarwa ba. Kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kuma alamunsa kasala ne da jiri da bugun zuciya da farin ido. Yana kuma haddasa wani jin tsiyaya ko tafiyar kiyashi a ƙafafu da dare, wanda ba ya lafawa sai an motsa su. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo tana maganin wannan in an sha ta yadda aka ce. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, ko yawan fitsarin dare da ƙishirwa, su ma abin a duba hawan jini da sukari ne.

Macen da aka ɗauke mata yaro, aka ba ta ɗaki shiru, amma barcin ya ƙi zuwa, tana yawan kuka, abinci ya fita ranta, ba ta jin daɗin komai har fiye da mako 2, ta nuna alamun ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ana maganinsa. Ta gaya wa ungozoma ko ma'aikacin asibitin unguwa. In ta kwana biyu ko uku ba barci sam, ta shiga surutai ko ganin abin da babu, ko ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, wannan na gaggawa ne. Addu'a ba ta hana a kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron.

Akwai kuma ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe da gano yana da yawa a ƙasar Hausa. Mai shi ba ta iya kwanciya a miƙe sai ta tara matasai ko ta kwana a zaune, tana farkawa numfashi na sarƙe mata, tana tarin dare, ƙafafu da fuska su kumbura. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin gajiyar jego, a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa, alhali gishirin da ke cikin kanwa na ƙara tara ruwa a jiki. Wadda aka ga haka gare ta a dakatar da kanwar, a kai ta cibiyar kula da uwa da yaro ko babban asibitin Damagaram a duba zuciyarta, ba sai an jira arba'in ba.